Aljannu: Abin Da Littafi Ya Faɗa, Da Abin Da Muka Ƙara Da Bakinmu



Duk shekarar da Kogin Haɗejiya ya cika ya batse, abu biyu ne suke biyo bayan ruwan, wato zazzaɓi da maganar aljannu. Mun gani a 2018, mun gani a 2020, muka sake gani a 2022, shekarar da ambaliya ta shanye gonakin shinkafa tun daga Ringim har Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri. Kafin ƙasa ta tsane sai ka ga baƙin masu wa'azi sun iso da lasifika da kwalaben mai, sun kafa taron kuɓutarwa na kwana uku ko bakwai. A nan ake gaya wa masu bi cewa ruhohin ruwa ne suka yi fushi, yaron da yake suma jifansa aka yi, matar da ta yi ɓari tana da namijin dare, tsohuwar da take zaune ita kaɗai a ƙarshen unguwa kuwa a sa mata ido. Baƙo ya kwashe baikonsa ya hau mota. Fasto da dattawan wurin su ake bari da gidajen da ba sa ga-maciji da juna.

Mu ba mu da yawa a ƙasar nan. Ikilisiyar da take da iyali 15 ko 20, in zargi ya shiga tsakanin gida biyu a cikinta, rabin sujadar Lahadi ke nan ta watse. Shi ya sa muka ga ya wajaba a wannan fitowa mu buɗe Littafi Mai Tsarki tare, mu duba abin da ya faɗa a kan aljannu da mugayen ruhohi, mu ware shi daga abin da muka ƙara da bakinmu.

Kada wani ya ce edita ya sha boko ya daina gaskata akwai aljannu. Akwai su. A Bisharar Markus, aikin iko na farko da Yesu ya yi a gaban jama'a shi ne fitar da ƙazamin ruhu daga wani mutum a majami'ar Kafarnahum (Markus 1:23-27), da ya aiki sha biyun nan kuma ya ba su iko a kan irin waɗannan ruhohi (Markus 6:7). Wani shehin malamin tauhidi na Jamus, Rudolf Bultmann, ya yi iƙirari a 1941 cewa mai amfani da lantarki da rediyo ba zai iya gaskata duniyar ruhohi ta Sabon Alkawari ba. To ga mu nan da rediyon, da wayar hannu, da lantarkin ma ran da aka kawo, ba mu kuwa ga abin da ya hana mu gaskatawa ba. Marigayi Dokta Byang Kato, mutumin Kwoi wanda ya taɓa riƙe sakataren ECWA, ya bar mana ɗan littafi a kan ruhohi a 1975, shekarar da ya rasu, domin ya ga Kiristan Afirka yana bukatar amsa daga Maganar Allah a kan abin da yake hana shi barci. Mu a nan gaskatawa ba ta yi mana ƙaranci ba. Mun gaskata ne har mun zarce inda Littafi ya tsaya.

Tushen rikicin yana cikin kalmar kanta. Sa'ad da aka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, dole ne masu fassara su nemi kalmar da mutane suka sani. Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, kalmomin da ya fi amfani da su a wannan batu kuwa biyu ne, daimonion, da wata mai ma'anar ruhu marar tsarki. Hausa ta miƙa musu aljan, wadda ita ma aro ta ta yi daga Larabci. Ba su yi laifi ba, babu wata da ta fi ta kusa. Sai dai kalma kamar buhu ce da aka taɓa zuba barkono a ciki, ko gero ka zuba daga baya sai ya ɗauki yaji.

A wurin maƙwabtanmu Musulmi, aljannu wata al'umma ce da Allah ya halitta daga wuta, suna aure suna haihuwa suna mutuwa, akwai muminai a cikinsu akwai kafirai. Koyarwarsu ce, ba mu ɗauko ta don gardama ba, sai don mai bi ya san ba daga littafinsa ta fito ba. Tun kafin wannan ma akwai iskokin Bahaushe na da, waɗanda 'yan bori suka tsara musu gari sukutum, Jangare, da sarki da fadawa. Akwai Sarkin Aljan Sulemanu, Ɗan Galadima, Malam Alhaji, Kuturu, Sarkin Rafi, da Inna wadda ake kira Doguwa. Kowane da kirarinsa, da kiɗansa na garaya ko goge, da tufarsa, da irin dabbar da ake yanka masa, da cutar da yake sawa. An san mazauninsu, tsamiya da kuka da suri da tsohuwar rijiya da bakin gulbi. Lallashinsu ake yi, a yi wa mutum girka ya zama dokinsu, a zauna lafiya. Wasunmu jikokin Maguzawa ne, wasu kuma aiki ko kasuwanci ya kawo su daga Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa ko Kudu, kowa ya zo da irin nasa buhun. In mai karatu ya ce aljan ran Lahadi, mutum 40 da suke zaune kowa da hoton da ya faɗo masa a rai.

Yanzu a ajiye buhunan a dubi Littafin. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ƙarancin maganar. Kalmar Ibrananci da aka fi juyawa da aljannu, shedim, sau biyu kacal ta fito a duk Tsohon Alkawari, a Maimaitawar Shari'a 32:17 da Zabura 106:37, duka biyun kuwa magana ce a kan hadayun da Isra'ila suka miƙa wa gumaka. A kan wannan Bulus ya ɗora gargaɗinsa ga Korantiyawa game da cin abincin tsafi (1 Korantiyawa 10:20-21). Game da asalinsu ma abin da aka ba mu kaɗan ne. Bitrus da Yahuza sun ambaci mala'ikun da suka yi zunubi suka bar matsayinsu (2 Bitrus 2:4, Yahuza 6), Yesu ya ambaci Iblis da mala'ikunsa (Matiyu 25:41), Wahayin Yahaya sura 12 ta nuna an jefo su daga sama. Daga nan ikilisiya tun da daɗewa ta fahimci cewa aljannu halittattun ruhohi ne da suka tayar wa Mahaliccinsu. Ishaya 14 da Ezekiyel 28, waɗanda ake yawan karantawa kamar tarihin Shaiɗan, in ka duba za ka ga da sarkin Babila da sarkin Taya ake magana, sai a bi su a hankali. Dogon labarin nan kuwa na sunayen mala'ikun da suka faɗi da shugabanninsu, daga Littafin Anuhu ya fito, rubutun Yahudawa na tsakanin Alkawari biyu. Ikilisiyar Habasha ta karɓe shi, amma ba ya cikin Littafi Mai Tsarki da yake hannunmu, ko na 'yan'uwanmu Katolika.

Babu inda Littafi ya gina wa aljannu gari, ko ya ce wasu na ruwa ne wasu na tudu. Inda fassararmu ta ce baƙin aljan, marar tsarki ake nufi, kada wani ya ɗauka akwai fari a gefe da za a yi abota da shi. Namijin dare ma ba za ka same shi ba. Mai gardama zai kawo Farawa 6:1-4, nassin da malamai suka daɗe suna saɓani a kan ma'anarsa, amma ko wace fassara ka bi, babu annabi ko manzo da ya taɓa ɗaukar sa ya bayyana ɓari ko rashin haihuwa. Saratu, Rifkatu, Rahila, Hannatu da Alisabatu duk sun daɗe ba su haihu ba. Ko ɗaya ba a ce tana da aljani ba, ko ɗaya ba a kai ta taron kuɓutarwa ba. Matan zumunta su riƙe wannan da kyau.

Abin da Littafi ya nanata shi ne cewa akwai linzami a bakinsu. Shaiɗan bai taɓa ko akuyar Ayuba ba sai da aka ba shi izini, sau biyu kuma ana ja masa layin da ba zai tsallake ba (Ayuba 1:12, 2:6). Yakubu ya ce sanin Allah da suka yi rawar jiki yake sa su (Yakubu 2:19). Bulus ya ce a kan gicciye aka tuɓe musu makamai aka kunyata su a fili (Kolosiyawa 2:15). Allah ba shi da kishiya mai ƙarfi daidai da nasa.

Mu ɗan dakata a kan mutumin ƙasar Garasinawa (Markus 5:1-20), don babu labarin da ya kai shi tsawo a wannan batu. Mutanen garinsu sun sha ɗaure shi da sarƙa da mari, abin bai yi amfani ba. Da Yesu ya zo, bai ɗaure shi ba, bai doke shi ba, bai hana shi abinci ba, bai ɗura masa mai ba, bai kuma tambayi wanda ya turo masa su ba. Umarni kawai ya bayar. Su ne ma suka koma roƙo, har shiga garken aladu wajen 2,000 sai da suka nemi izini. Nan ne kaɗai a Bisharu huɗu Yesu ya tambayi sunan aljan, amsar da aka ba shi ma adadi ce, kalmar rundunar sojan Roma wadda fassararmu ta juya da Tuli. A sauran wurare rufe musu baki yake yi (Markus 1:34). Ku dubi yadda aka ƙare: mutumin yana zaune, sanye da tufafi, cikin hankalinsa, Yesu kuma ya mai da shi gida wurin danginsa. In aka ce an yi wa wani kuɓutarwa, amma ya fito da tabon bulala, danginsa suna gudunsa, yara suna nuna shi a hanya, to a tambaya aikin wa aka yi.

Sai ku gwada da abin da muke gani a tarurrukan nan. Kiɗa ya yi zafi, yarinya ta faɗi, murya ta sauya, a kanga mata abin magana a baki a shiga tambaya. Wane ne kai? Me kake so? Wa ya aiko ka? A kwashe awa guda ana hira, jama'a suna tafi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen filin bori ya san wannan tsari daga farko har ƙarshe, an dai canza wa tuwo suna. Abin da ya fi ban tsoro shi ne yadda ake karɓar amsar kamar shaidar kotu. In har aljan ne yake magana, ai Yesu ya riga ya gaya mana ubangidansu maƙaryaci ne tun asali (Yahaya 8:44). In kuma yarinya ce mai zazzaɓi ko firgita take faɗin abin da ta ga ana so ta faɗa, to a kan me aka ɓata sunan wanda ta ambata?

Batun cuta shi ne inda ake asarar rai. Matiyu 4:24 ya jera waɗanda aka kawo wa Yesu, ya sa masu aljannu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Mai karɓar haraji ne ya rubuta wannan, amma ya san ba kowace faɗuwa ce aljan ba. Akwai kurman da Yesu ya warkar da taɓa kunnensa da harshensa ba tare da ya tsauta wa wani ruhu ba (Markus 7:32-35). Akwai makahon da almajirai suka so a gano laifin wa ya jawo masa, Yesu ya ƙi bin su wannan hanya (Yahaya 9:1-3). Bulus ɗin da ya fitar da aljan a Filibi, shi ne ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya (2 Timoti 4:20), ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa, ya kuma yi tafiye-tafiyensa da Luka likita. Annabi Ishaya ma curin ɓaure ya sa aka ɗora a marurun Sarki Hezekiya (Ishaya 38:21).

Na san ayar da za a kawo mini. Ita ce ta yaron nan a Markus 9:14-29, mai faɗuwa yana kumfa yana cizon haƙora, wanda Littafi ya ce ruhu ne yake kama shi. Gaskiya ne, ba kuwa za mu goge ta ba. Abin da ta koya mana shi ne cewa ruhu yana iya kawo abin da ya yi kama da farfaɗiya. Ba ta ce duk farfaɗiya ruhu ce ba, da haka ne da Matiyu bai raba su ba. Wanda ya gane abin da yake damun yaron nan shi ne Ubangiji, masanin abin da yake ɓoye. Ni da kai ba mu da wannan ido, don haka tawali'u ya ce a yi addu'a, a kuma kai yaro a auna jininsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 50 ne suke da farfaɗiya a duniya, kusan 7 cikin 10 kuma za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suna sha kullum. Nawa ne a ƙauyukanmu aka cire daga makaranta, aka ware musu kwano, aka hana su aure, alhali ƙwaya ce suke bukata?

A fadamar nan, yaron da jikinsa ya yi zafi a watan Agusta ko Satumba, ya fara taune-taune yana ƙafe ido, abin da za a fara zargi shi ne zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, wanda yake iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Da bazara kuma, in wuya ya sanƙare, a tuna da sanƙarau, wanda manya ba su manta ɓarnar da ya yi a Arewa a 1996 ba. Mai cikin da ƙafafunta suka kumbura, kai yana sara mata, ta fara jijjiga, hawan jinin masu ciki ne, akwai allurarsa. A asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki tun 2008, irin wannan ba baƙon abu ba ne. Daren da aka kwashe ana tsauta wa ruhu a kan irin waɗannan, shi ne daren da likita yake bukata.

Harshenmu ma ya ajiye mana shaida. Cutar da take shanye ƙafar yara har yau sunanta shan inna, domin kakanni sun ɗauka Inna Doguwa ce take shanye ƙafar. An yi mata yanka shekara da shekaru, ƙafafu suka ci gaba da shanyewa. Da aka zo da ɗigon riga-kafi aka sha gardama, har Jihar Kano ta dakatar da shi daga 2003 zuwa 2004, daga baya aka dawo aka dage. Ran 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, ko da yake ana ci gaba da ɗigon saboda wani nau'in da ya rage. Tambayarmu ga mai cewa kowace cuta aljan ce ita ce, ina Inna ta tafi? Ɗigo biyu a bakin jariri ne suka kore ta?

Haka zancen kogin. Ruwan da yake ci mana gonaki an san inda yake fitowa. Daga ƙasar Kano yake gangarowa, ta madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992. Tun da aka tare shi ana sakinsa rani da damina, hanyoyin da a da suke bushewa da rani suka daina bushewa, kachalla ta samu wurin zama ta toshe su, yashi da laka suka cike kogin. In damina ta yi ƙarfi ruwa ya rasa hanya, sai ya bi gonaki da gidaje. Samarin Haɗejiya da suke kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa sun fi mai wa'azin ruhun ruwa sanin abin da ake ciki. Sarauniyar ruwan da yake faɗa kuwa, Mami Wata ce ta mutanen bakin teku aka sa mata rigar coci aka hauro da ita Arewa, ta zo ta tarar da Sarkin Rafi da 'yan ruwa suka gaisa. A Littafi, Allah ne ya tara ruwaye ya sa musu iyaka (Farawa 1:9-10; Zabura 104:9), bai kuwa ba wa kowa hayar kogi ba. Masunci mai bi ya shiga kwalekwalensa hankali kwance. Abin da ya kamata ya ji tsoro shi ne lodin da ya wuce kima, da tafiyar dare a ruwan da ya cika.

Mafi muni a duk wannan shi ne zargin maita. Ayar da ake fakewa da ita ita ce Fitowa 22:18. Kalmar Ibrananci da take wurin tana nufin mace mai aikin sihiri, sana'a ce da ake yi da hannu, ana zuwa wurinta, kamar boka. Mayen Bahaushe kuwa, wanda aka ce yana da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwar mutum daga nesa, sai an tuɓe shi ya tsallake majiyyaci kafin ya saki, Littafi bai san da shi ba. Shari'ar nan ta Musa da ake jawowa ma ta hana a hukunta kowa sai da shaidu biyu ko uku, mai shaidar zur kuma a yi masa abin da ya so a yi wa ɗan'uwansa (Maimaitawar Shari'a 19:15-19). Mafarki ba shaida ba ne, sambatun mai zazzaɓi ma haka. A Sabon Alkawari ba a farauci kowa ba. Saminu mai sihiri tuba aka ce ya yi (Ayyukan Manzanni 8:22). Masu sihirin Afisa da ƙafarsu suka zo suka tona kansu, suka ƙone littattafan da kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:18-19).

Ya kamata mu tuna ma'anar sunan magabcin namu. Shaiɗan a Ibrananci mai ƙara ne, mai tsayawa gāba da mutum. Kalmar Helenanci da muke juyawa da Iblis tana nufin mai yanke, mai ɓata suna. Wahayin Yahaya 12:10 ya nuna sana'arsa ke nan a kan 'yan'uwa dare da rana. Wanda ya miƙe a cikin sujada ya nuna gwauruwa da yatsa ba shaida, ya duba ko aikin wa ya karɓa. Mun ga inda hanyar nan ta kai a Akwa Ibom, inda aka riƙa korar yara daga gida ana azabtar da su bisa maganar wasu masu kiran kansu fastoci, har jihar ta kafa doka a 2008 ta hana laƙaba wa yaro maita. Mu kuwa namu haɗarin ninki biyu ne. In yatsan ya nuna 'yar ikilisiya, mun rushe gida. In ya tsallake katanga ya nuna maƙwabciya Musulma, mun kunna wutar da ba mu da ruwan kashe ta, a garin da muka yi shekaru muna gina zaman lafiya.

Sarƙar da ta kāsa a ƙasar Garasinawa ma ba a daina amfani da ita ba. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. Kada wani ya yi murmushi ya ce ba mu ba ne. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a watan Nuwamba na shekarar ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali a wuraren addu'a na Kirista ma. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano. Kai ɗan'uwa can ba raunin bangaskiya ba ne.

Kuɗi fa? Baiwar nan ta Filibi mai ruhun duba, iyayengijinta ne suke cin riba da ita, ran da Bulus ya 'yantar da ita kuwa kasuwarsu ce ta mutu, shi ya sa suka ja shi kurkuku (Ayyukan Manzanni 16:16-24). 'Ya'yan Siba bakwai da suka mai da sunan Yesu kamar laya, tsirara suka fita da rauni (Ayyukan Manzanni 19:13-16). A duk Sabon Alkawari ba za ka sami manzon da ya sayar da kwalbar mai ko ya yanka farashin kuɓutarwa ba. Manomin da ruwa ya cinye shinkafarsa, a ce kuma ya sayar da tunkiyar da ta rage don a karya masa la'anar kakanni, wannan zalunci ne, Ezekiyel 18 ma ta isa amsa.

To ina Shaiɗan yake aikinsa na gaske a cikinmu? Inda Littafi ya ce, wato cikin ƙarya, da jaraba, da koyarwar ɓata (1 Timoti 4:1), da fushin da aka kwana da shi har bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga (Afisawa 4:26-27). Yana nan a wurin mai bin da yake sujada da safe, da dare ya saci jiki zuwa gidan boka, kamar Saul a Endor, ko ya ɗaura wa jaririnsa laya a ƙarƙashin riga. Wannan Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana shi ƙiri-ƙiri. Da yawa daga abin da muke ɗora wa aljannu kuma Yesu ya ce daga zuciyar mutum yake fitowa (Markus 7:21-23). Dattijon da ya ci kuɗin ginin coci tuba ake nema a wurinsa, ya kuma dawo da kuɗin. Makaman da Bulus ya lissafa a Afisawa 6 su ne gaskiya, adalci, bisharar salama, bangaskiya, ceto, Maganar Allah da addu'a, duk abubuwan da mai bi mafi talauci a Guri ko Birniwa yake da su a ɗakinsa.

Saboda haka muna roƙon fastoci, masu bishara da dattawan ikilisiyoyinmu, kada a ba baƙon mai wa'azi dama ya tsaya a gaban jama'a sai an san ikilisiyar da ta aiko shi da shugaban da za a kai wa ƙararsa. Kada a yarda a ambaci sunan kowa a matsayin maye a cikin sujada, ko da wa ya ce an nuna masa. In aka ga alamar da ta sa dattawa suka gaskata akwai mugun ruhu a al'amarin wani, a yi masa addu'a cikin sunan Yesu, a keɓe, da dattawa biyu ko uku da wani daga danginsa, in mace ce da shugabar zumuntar mata a wurin, ba duka, ba ɗauri, ba kuɗi, ba mai ɗaukar hoto da waya. A karɓi maganin riga-kafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara da damina, a kwana cikin gidan sauro. In kuwa yaro ya fara taune-taune, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da ruwa daga kusa da shi, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa wani abu a baki. A nemi babur a nufi asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne, fasto ya hau na bayansu ya yi addu'arsa a hanya.